Ranar da Aka Ƙaddamar da Shingen Lambuna

Yau da safe wani mai baƙin tabarau ya hana ni shiga lambun da ke bayan gidana. Na fito da bokitin ban ruwa a hannu, sai ya dafa mini ƙirji ya ce ina katin gayyata. Na ce ni ne mai gidan. Ya ce kowa haka yake cewa. Na koma gindin famfo na tsaya da bokitina, ina kallon manyan mutane suna taka mini alayyafo da takalma masu ƙyalli.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don ruwa ba ya tsami banza.

Ina da ɗan lambu a bayan gidana, wanda in ka yi atishawa a farkonsa za a ce maka sannu daga ƙarshensa. Tumatir layi biyu, karas, latas, alayyafo. A kusurwa akwai akurkin kajin mai ɗakina. Kajin ba na sayarwa ba ne. Asalinsu wata kaza wake-wake ce da mahaifiyarta ta ba ta shekarar da za ta rasu, kuma tun daga nan ba a taɓa rasa jinin kazar nan a gidanmu ba. Ni kaina na san matsayina: in aka jera mu, kajin ne a gaba.

Wata uku da suka wuce yanyawa ta gano mu. Ga wanda bai santa ba, kamar ƙaramin kare take, sai dogayen kunnuwa da jela buzu-buzu, da fuskar wanda bai taɓa yin laifi ba. Da asuba take zuwa. Ta tone karas, ta bar mini rami inda na zurma ƙafa na yi targaɗe, sannan ta koma kan kaji. Daga bakwai suka dawo huɗu, daga huɗu suka dawo ɗaya, wake-wake, jikar jikar waccan ta farko. Ranar da ta rage ita kaɗai mai ɗakina ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna a bakin akurki har rana ta take, abincin rana kuma kowa ya yi ta kansa.

Ba wai na naɗe hannu ba ne. Na barbaɗa barkono, ni na yi ta tari. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, ta yi fitsari a gindinsa. Na aro karen maƙwabcina mai walda, washegari na tarar da sawun yanyawa ya zagaya shi da kyau, don kada a tashe shi daga barci.

Mai waldan ne ya nuna mini tushen abin. Ya ja ni bayan katanga ya nuna mini jujin unguwa, wanda yanzu ya fi ɗakina tsawo.

"Maƙwabci, ga gidan abincinta nan," in ji shi. "Shara ta kawo ɓeraye, ɓeraye suka kawo ta. Kajinku ɗan taɓa-ka-lashe ne kawai."

"To ina motar kwashe shara?"

"Tana layin mai."

"Tun bara?"

"Layin da tsawo."

Sai na sa hula na tafi wajen hukuma, kamar kowane ɗan ƙasa nagari mai sauran ƙarfi a gwiwa. A ofishin tsabta suka ce shara tasu ce amma abin da ke cikinta mai numfashi ba nasu ba ne. A sashen dabbobin gida suka tambaye ni ko ni nake kiwon yanyawar. Na ce kusan haka ne, amma ba da son raina ba. Suka tura ni hawa na uku, wajen Yallaɓai Mai Kula da Namun Daji, bawan Allah mai haƙuri, wanda ya saurare ni har ƙarshe ba tare da ya ɗaga kai daga wayarsa ba.

"Ina dabbar take a halin yanzu?" ya ce.

"Ranka ya daɗe, da asuba tana gidana, da rana tana jeji."

"To ka ga matsalar. In tana gidanka, ba naman daji ba ce. In kuma tana jeji, me ta yi maka?"

Na daɗe ban ji magana mai tsari irin wannan ba. Ilimi dai ba ƙarya ba ne. Na yi godiya, na cike takarda mai shafi huɗu, har da gurbin da ake tambayar shekarun dabbar.

Allah ya ba su lada, ba su manta da ni ba. Bayan mako biyar kwamiti ya iso, motoci uku manya, kowacce tankinta a cike, mutum goma sha ɗaya. Suka zagaya lambun, suka yi hoto da ramin da na faɗa. Wata mai jaka ta tsinke latas da tumatir ta ce za a kai ɗakin gwaji, ta zaɓi nunannu, don an ce su suka fi nuna gaskiya. Abin da yanyawa ta yi wata biyu ba ta gama ba, su suka kammala kafin azahar. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sakamakon binciken ya fito a kan ƙafafun ƙarfe biyu. Allo ne babba, suka kafa kusa da juji: AIKIN KARE UNGUWA DAGA NAMUN DAJI, KASHI NA FARKO. Allon ya yi amfani, ba zan ci haƙƙinsu ba. A inuwarsa yanyawar take hutawa da yamma.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, ko ka yi shinge, ko in shigo da kazar nan ɗaki kai ka koma akurki."

Ni da mai walda muka yi kwana huɗu muna kafa shingen waya. Shi ya san sirrin: yanyawa tona ƙasa take yi, saboda haka ragar waya sai an binne ta kamu guda, a lanƙwasa gindinta waje, in ta tona ta ci karo da ƙarfe. Sama ma a karkato da ita, don tana hawa. Muka sa wa akurki sakata, muka daina barin tsaki a ƙasa, na samo wa kwandon shararmu murfi. Da safe na ga inda ta tona wuri uku ta haƙura. Na kira mai ɗakina ta gani. Ranar na sami nama biyu a kwanona.

Kwana shida da gamawa, hukumar da ta yi wata uku ba ta ga yanyawa ba ta hango shingen. Wani ya zo da jan fenti ya zana gicciye a jikin ƙofar, ya ce gini ne ba izini, nan da mako guda za a rushe. Na ce waya ce. Ya ce waya mai tsayuwa gini ce.

Na rasa abin yi. Mai ɗakina kuwa ta yafa mayafi ta leƙa shagon mai walda, suka yi 'yar magana. Kafin la'asar allon hukuma ya taso daga juji ya manne a jikin shingenmu, walda ta kama shi ta kusurwa huɗu.

Ranar rushewa mai jan fenti ya dawo da ƙarti biyu da guduma. Ya karanta allon. Ya sake karantawa, yana bin haruffan da yatsa.

"Mama, wa ya ba da wannan aikin?" ya tambayi mai ɗakina.

"Ɗan nan, ni da ban yi boko ba? Kai da ka iya karatu ai ga shi a gabanka."

Ya mayar da gudumar bayansa, ya ce a yi haƙuri, kuskuren adireshi ne. Da hannun rigarsa ya goge fentin.

Labari ya hau sama cewa akwai aikin da aka kammala, abin da ba a saba ji ba. Shi ya kawo mu yau. Rumfa, kujeru, lasifika, jan ƙyalle a ƙofar lambu. Mai Girma Uban Ayyuka, Garkuwar Masu Lambu, ya yi jawabi ya ce ya yi alkawari ya cika, kuma kashi na biyu yana nan tafe. Ni ma na tafa, da bokiti a hammata.

Ana cikin haka wani na hannun damansa ya leƙa akurki, ya fito da wake-wake a hannu, ya ce ya kamata al'umma ta nuna godiya. Mai ɗakina ta ratsa masu baƙin tabarau kamar ba ta gan su ba, ta tsaya a gabansa.

"Wannan ta al'umma ce, ko?" ya ce yana murmushi.

"Ta uwata ce."

"To a gaya wa Hajiya, Mai Girma ya gode. Tana ina?"

"Tana inda dukanmu za mu je. In kana sauri, kai mata saƙon da kanka."

Ya ajiye kazar a hankali, har da shafa mata baya.

Sun watse kafin azahar. Alayyafo ya tafi, amma zai sake tsirowa. Kazar tana kwance a kan ƙwai tara. Yanyawa ta koma gidan tela da ke ƙarshen layi, ɗazu ya zo yana tambayata hanyar ofis, na ba shi kujera da ruwa na ce ya fara hutawa tukuna.

Da yamma na ji a rediyo cewa shingen da aka ƙaddamar tsawonsa kilomita uku ne. Na fita na auna da ƙafata, taku ashirin da shida na samu, har da ƙofa. Ba na zargin kowa, abu yakan faɗi a hanya. In wani cikinku ya tsinci ragowar, don Allah ya miƙa wa tela.