Tantin da Na Kafa wa Teku

Laifina ne, na yarda. Ba na iska ba ne, kamar yadda na daɗe ina faɗa.

Yaya Mamman, mijin yayata, ya zo daga Lyon da motarsa, ya ɗauke ni a Aubervilliers, kusa da Paris, muka nufi bakin teku kallon wasu dabbobin ruwa masu ƙiba da Faransawa ke kira fok. Ya zo da tanti da ƙunshin kilishin da tsohuwarsa ta aiko masa daga Madawa, wanda yake ta tattali.

Mun tarar da rairayi shimfiɗe, ruwa can nesa. Yaya ya ce, "Ƙane, me ya sa Turawan nan duk suka kafa nasu tantin a kan tudu?"

Na ce, "Tsoro ne. Ni da na girma a bakin gulbin Maradi? Ruwan da ya janye sai wata damina."

Na kafa tantin a tsakiyar rairayi, na ajiye kilishin ciki, muka hau tudu kallon dabbobi. Kafin la'asar damina ta dawo, ruwan teku ya malalo ya rufe rairayin. Muna tsaye muka ga tantinmu ya tashi a hankali ya bi teku, wani fok yana biye da shi.

Yaya ya tuƙo mu har Paris, ya sauke ni ya wuce Lyon.

Sai da Sallah na iya kiransa. "Yaya, ni na jawo. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe, Sarkin Ruwa. Amma tsohuwa tana tambaya ko kilishin ya yi daɗi. Kai za ka ba ta amsa."