Alƙalin da Ya Koma Gona

Zuwa ga Mai Girma "Me Mutane Za Su Ce", Sarkin Bakin Titi, uban kowace majalisa daga Daura har Zango.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga ubangidansa, da fatan kunnuwanka suna nan da kaifinsu, ni ne Saminu ɗan Malam Maharazu mai awaki, wanda ya bar digiri na biyu a fannin shari'a ana tsakiyar karatu ya koma fannin noma. Na san labari ya riga ni isa fadarka, amma ga kukana.

Na ɗaya. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kai ka naɗa ni Alƙali tun ban gama zangon farko ba, ka mai da mahaifina Baban Alƙali. Ban nema ba, ranka ya daɗe. Yanzu kuma ka tuɓe ni daga kujerar da ban taɓa hawa ba. Wace kotu ce wannan da ba ta kiran wanda ake ƙara?

Na biyu. Ka baza cewa faɗuwa na yi. Wasu wakilanka sun ce jifa ce, har gwaggona Kande ta aiko da rubutun sha. Alhali kai ka turo mini maƙwabta biyu masu rikicin iyakar gona in raba su. Na tarar suna neman fasa wa juna kai a kan taku biyu na ƙasa, ga ƙuduji ya shanye geron gonakin kaf, ba wanda ya kula. Tun ranar hankalina ya koma kan ciyawar nan, ita nake karanta yanzu. Laifi ne mutum ya bi sawun ainihin ɓarawo?

Na uku, shi ne ya hana ni sukuni. Kullum bayan magariba mahaifina kan fito da kwanonsa ƙofar gida a yi ciyayya da maƙwabta, ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ba. Tun da ka fara tambayarsa, cikin ladabinka da aka sani, ko Alƙali ya fara ɗaure gero, sai ya koma cin tuwonsa a ɗaki shi kaɗai. Tsoho ya rame, ya daina hira. Abin yana ci mini rai matuƙa. Shi me ya karanta, me ya canza?

Ba zan tona cewa Harisu, shugaban masu yi mana dariya, ya tare ni a lungu yana neman maganin ƙudujin gonarsa ba. Asirin fada ya fi ƙarfina.

Ban nemi ka mayar mini da rawani ba. Roƙona ɗaya ne. Gobe bayan magariba zan shimfiɗa tabarmar tsoho, in ɗauko kwanonsa, in riƙo hannunsa mu fito. Ina neman alfarma ka kai loma baka, ka yi shiru har ya ƙoshi. Na san ba ka taɓa gwadawa ba, amma babu abin da ya gagari sarki.

Naka mai biyayya, durƙushe har ƙasa,

Saminu Maharazu,
Tuɓaɓɓen Alƙali, Daura.