Mai Gadin Yis

Wani ne, irin mu ɗin nan da aka rufe wa ramin haƙar yuraniyom na Akokan muka dawo zaman benci. Da ƙyar ya samu aikin gadi a wani ƙaramin labo, ɗakin gwajin asibiti, a Arlit.

Ran farko ya tarar da mai aikin gwaji, Malam Siddiƙ, yana jera farantai masu murfi.

"Malam, tuwon wa?"

"Ba tuwo ba ne, Baba. Yis muke kiwo."

"Na burodi?"

"Ɗan'uwansa ne. Wannan a jikin mutum yake tsira, ya sa ciwo."

Mutumin ya shafa tumbinsa. "Ashe shi ya sa nake ta kumbura ba ci ba sha."

Siddiƙ ya yi masa bayani. Daga bakin wani jariri mara lafiya aka ɗebo shi. A shafa a faranti, a ɗora 'yan takardu masu magani iri-iri, a sa a akwatin ɗumi. Maganin da ke aiki, za a ga yis ya kasa tsira kewaye da takardarsa, shi za a ba yaron.

"Wato ku ciyar da shi, ku ɗumama shi, sannan ku kashe?"

"Haka ne."

"To ai layya ke nan."

Da rana Siddiƙ ya tafi Agadas. Ya ce, "Baba, ka kula da akwatin nan. Ɗumin jikin mutum yis yake so. In ya lalace, ni da kai duk kora ce."

Fitarsa ke da wuya wuta ta ɗauke. Mutumin ya ji akwatin ya fara hucewa, ya ce ɗumin jikin mutum dai ba sai an saya ba. Ya kwaso farantai, biyu a wannan hammata, biyu a waccan. Haka ya wuni ya kwana kamar kaza kan ƙwai. Mai shayi ya miƙo masa kofi, ya ce a ɗora masa a baki. Salla ma da ido ya yi ta.

Kashegari Siddiƙ ya dawo, ya buɗe farantai, ya dafe kai.

"Baba, me ka yi musu? Babu ko ɗaya da ya tsira, har inda magani bai kai ba. Sai an sake kawo yaron."

Mutumin ya sunsuna hammatarsa, ya gyaɗa kai.

"Shekara da shekaru uwargida na faɗa ina musu. Yau labo ya tabbatar."