Hular da Ta Kusa Raba Ni da Gida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tare a Achida ba. Ko na so in manta ma, matata Balki ba za ta bari ba.

Da zaman Unguwar Lalle ya gagara, zuwa gona ya koma sai da fargaba, na yanke shawarar kwashe iyalina zuwa Sakkwato. Na je na ji kuɗin haya a cikin birni, na dawo jiki a sanyaye. Wani abokina ne ya samo mana gida a Achida, ga araha, ga makaranta kusa, birni kuma ba nisa. Sai dai ya ja mini kunne a waya: "Alhaji mai gidan bai son wargi. Sai ya ga mutum, ya yarda da ladabinai, kana shi ba da makulli." Na ce in dai ladabi ne, gadonmu ne. (Ku riƙe wannan maganar.)

Muka loda komai a bayan a-kori-kura: katifu, buhunan gero, turmi, akuyar Balki, yara a saman kaya. Babu zancen komawa, don ko ƙyauren ɗaki na cire na bayar.

Da muka iso, sai ga wani dattijo zaune a benci a ƙofar gidan, da hula irin ta Yarbawa mai karyewa gefe guda, yana waya da Yarbanci tiryan-tiryan. To, ni Bagobiri ne, tsagena har kunne, kuma tsakaninmu da Yarbawa akwai wasan taubasai tun kaka da kakanni. Duk inda aka haɗu sai an yi wa juna tsiya, ba mai fushi. Nan take gajiyar hanya ta sake ni. Na ce lallai garin nan zai yi daɗin zama, tunda har da abin tsokana a bakin ƙofa.

Na diro daga mota, ko sallama ban yi ba.

"Kai bawana! Ubangidanka ya iso kana zaune? Tashi maza ka sabke kaya!"

Balki ta leƙo ta ce, "Malam, bi sannu dai." Ina! Baki ya riga ya ɗau zafi. Na sa hannu na zare hular daga kan dattijon, na kafa a nawa, har da juyawa don yara su gani. (Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.)

Dattijo ya kashe waya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya yi magana da Sakkwatancin da ya fi nawa tsabta.

"Yaro, ɗan wa kake? Ni Basakkwace na, sana'ar albasa ta kai ni Ikko. Kuma ni ad da gidan ga." Ya zaro makulli daga aljihu, ya nuna mini, ya mayar. "Direba, kak ka sabke komi."

Tsoro ya kama ni na gaske, don ban san inda zan kai yaran nan ba. Na zube a ƙasa ina "Baba, ka yi mani aikin gahwara," alhali hularsa tana bisa kaina, na manta ban cire ba. Maƙwabta sun taru. Akuya ma ta sa kuka.

Ana haka sai Hajiya, matar Alhaji, ta fito jin hayaniya. Ta ƙare wa tsagena kallo, ta fashe da dariya har da riƙe bango. Ashe ita ce Bayarbiyar, daga Ikko ya auro ta.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji ta. "Bagobiri ne, haka Allah ya yi su. Ba shi makulli. Na daɗe ina neman bawa a unguwar nan."

Alhaji ya karɓi hularsa, ya kakkaɓe ta sosai, sannan ya miƙa makullin. Ba ni ya ba ba, Balki ya ba.

Yanzu muna zaune lafiya, yara na makaranta. Amma kullum Hajiya sai ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Ina bawana?" Ni kuwa, da ban taɓa barin Bayarabe ya ci ni a wasa ba, sai in amsa a gaban 'ya'yana: "Ga ni, ranki shi daɗe."

Tun daga ranar, ko mutum ya zo mini da Yarbanci har da kalangu, sai na yi sallama, na bincika ko akwai makulli a aljihunsa.