Ranar da Na Kwantar da Kwamfuta Barci

Shekara ashirin ina kan injin niƙa a Zango kafin in shiga ajin kwamfuta a Daura, don haka ba mai koya mini inji. Malaminmu, sa'an ɗana, ya ja kunnenmu: "Aikin da agogon zuciyar kwamfuta ya kira ba ya barci, ba ya jiran kowa. In kuka kwantar da shi, komai zai tsaya."

Na ce a raina yaro ne, bai san inji na son hutu ba. Ranar jarrabawa na umarci aikin ya ɗan kwanta, alhali wani makulli da sauran ayyukan kwamfutar ke jira kafin su motsa yana hannunsa. Kwamfutar ta sandare ƙam.

"Inna, me kika yi?" in ji Malam.

"Tausayinta na ji!"

Sai da na maimaita jarrabawar. Har yau in wayar wani ta maƙale, 'yan ajinmu sai su kira ni: "Inna, ke kika shimfiɗa mata tabarma?"