Rasuwar Sannu-Sannu, Fiyanon da Ke Makara da Rabin Sakan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi jawur, Mai Sutudiyo da ɗaukacin ma'aikatan ɗakin naɗar waƙa na saman bene suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fiyanonsu mai kaɗa kanta, wadda aka fi sani da Sannu-Sannu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsaka da baiti na biyu.

Marigayiya fiyano ce ta katako da tsirkiya, mai inji a cikinta. Kwamfuta ke aiko mata umarni, sai ka ga maɓallanta farare da baƙaƙe suna nutsewa ba yatsan kowa a kai. Mai shara ta yi wata uku ba ta yarda ta juya mata baya ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da hali guda: ba ta taɓa amsa kira nan take ba. In an ce ta buga, sai ta yi jim na rabin sakan, ba ƙari ba ragi. Mai ganga ya sha kiranta malalaciya, Allah ya yafe masa. Alhali a wannan ɗan jim ɗin take shirya gudumomin da ke bugun tsirkiyarta, ta sallami masu taushin bugu da wuri, masu ƙarfi daga baya, domin duka su isa tare. Mai Sutudiyo ya gane ta. Kullum yakan ja layin kiɗanta a manhajar kwamfuta ya riga na kowa da rabin sakan, kamar yadda ake tada dattijuwa tun kafin a kira mota. Shekara biyar suna haka, ko sau ɗaya ba ta kunyata shi ba.

Ciwon ajalinta kuwa, Mai Sutudiyo ne sanadi, kuma ya ce a rubuta. Shekara uku Mawaƙiya tana hawa benen nan, shekara uku yana gyara mata makirufo yana haɗiye maganar da ke bakinsa. Daga ƙarshe ya tsara waƙa, ya ɗora wa marigayiya nauyin faɗa wa Mawaƙiya abin da ya kasa. Ranar Talata Mawaƙiya ta zauna za ta saurara. Rabin sakan ya zame masa kamar shekara, sai ya miƙa hannu ya kashe jinkirin. Ya Salam! Baiwar Allah ta yi ta tuntuɓe, wani sautin ya riga, wani ya biyo baya yana ɗingishi. Maimakon ya ƙyale ta, sai ya ƙara mata ƙarfi. Kalamanta na ƙarshe su ne, tin, tin, ƙirrr. Sai warin ƙonanniyar waya.

Mai gyara ya leƙa cikinta ya girgiza kai. "Sauri ya haifi nawa, ranka ya daɗe. Inji ya tafi. Amma tsirkiya lafiya lau, mai yatsu zai iya kaɗa ta."

Ta rasu ta bar kwamfuta guda da har yanzu ke aiko umarni ba mai amsawa, da makirufo biyu, da kujera mai gajeriyar ƙafa, da jikoki wayoyi a cukurkuɗe da ba wanda ya san adadinsu. Ta kuma bar marainiyar waƙa, baiti ɗaya da rabi.

Ana godiya ga masu ta'aziyya, musamman Mawaƙiya, wadda ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara jakarta ta ce, "Sannu da haƙuri, Malam. Ita dai rabin sakan take makara. Na san wani, shekararsa uku."

Za a fitar da injin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a naɗe shi a tsohon labulen ɗaki, Mai gyara ya raka shi makwancinsa a ƙasan kantar shagonsa. Gangar jikin za ta ci gaba da zama a kusurwarta. Ana roƙon jama'a su zo a kan lokaci, Mai ganga kuma ya zo da bakinsa a rufe. An ajiye wa Mawaƙiya kujerar gaba, mai ƙafafu daidai, domin Mai Sutudiyo ya miƙe a gaban kowa ya ce: "Bayan an sauke inji, ni zan zauna in ƙarasa waƙar da yatsuna. Sauran maganar kuma da bakina."