Rijiyata Ta Zama Kemis

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Horar da Malaman Kimiyyar Sinadarai, Allah Ya ƙara masa basira.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan iyali suna lafiya. Yau Laraba. Gwiwa ta ɗan sassauta, tari yana nan inda yake, ido kuwa sai na kawo takarda kusa da hanci. A yi haƙuri da rubutun.

Sunana Ƙasimu, tsohon malamin firamare a Tudun Kaya. Na yi elementare tun ana tsoma alƙalami a tawada. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya suna birni, daga ni sai rijiyar tsakar gida.

Mako uku ke nan ɗalibarku Rumasa'u, wadda kuka turo koyon koyarwa a sakandaren yankinmu, ta yi sallama a gidana. Yarinya mai ladabi, har ƙasa ta gaishe ni. Ta ɗebi ruwan rijiya a kwalba, ta tambayi inda nake zubar da ragowar ƙwayoyin asibiti. Na nuna mata juji, taku huɗu daga bakin rijiyar. Ta ce mai yiwuwa ruwan damina ya tura su ciki, tare da ɓarɓashin leda da ido ba ya gani. Ta ce za ta kai ɗakin gwajinku ta dawo da sakamako. Ga ƙorafina, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Mu an koya mana a tace ruwa, a tafasa, shi ke nan. Shekara talatin ina koyar da haka, har na zane yara a kansa. Yanzu an ce tafasawa ba ta narkar da leda. Shin gida-gida zan bi su in janye maganata? Wasunsu sun yi furfura. Na koma shan ruwan fiya wata don tsoro, sai na tuna ita ma a leda take kwana.

Na biyu. Kun koya wa yarinyar nan sunayen sinadarai masu tsawon igiyar guga, amma ba ku koya mata yadda labari ke tafiya a ƙauye ba. Ta yi misali da rijiyata a aji. Abin da ya iso gari shi ne rijiyar Malam Ƙasimu akwai maganin asibiti a ciki, kuma ba layin kati.

Na uku. Maƙwabcina Ɗanmaliki, wanda ya shekara biyu bai leƙo ni ba, yanzu safe da yamma yana nan, kofi ɗaya bayan cin abinci, kamar yadda likita ke rubutawa. Wai ciwon bayansa ya yi sauƙi. Bappa makiyayi ya taho tun daga ƙauyen Fulatan da jarka saboda saniyarsa mai tari. Wata dattijuwa ta tambaye ni ko na hawan jini a sama yake, ko sai an zurfafa guga. Na yi bayani iya numfashina, suka ce tsufa ya sa ni rowa. Wannan darasin a wane zango kuke koyar da shi?

Na huɗu shi ne mai nauyi, kuma ba zan ɓoye muku ba: ina jin daɗi. Ana gaishe ni. Ana share tsakar gida, ana aiko fura, an ma tuna cewa na iya hira. Da don ta ni ne, sai in roƙe ku ku ɓatar da kwalbar. To amma jiya maƙwabciyata Sadiƙa ta shigo da jaririyarta, jiki zafi rau, ta ɗura mata ruwan da cokali. Na ce ta wuce asibiti yanzu-yanzu. Ta ce, "Baba, ai 'yar makaranta ce ta faɗa." Sai da na rantse mata sannan ta goya ta suka tafi.

Roƙona ɗaya ne. Rumasa'u ta aiko cewa gobe Alhamis za ta zo. Ku sallamo ta, da sakamako ko babu, ta tsaya a bakin rijiyar nan ta faɗa da bakinta cewa ba kemis ba ce. Bakin da ya ɗaura shi suke jira ya kwance, nawa ya tsufa. Kuma idan akwai gurbi a manhajarku mai albarka, bayan ɗibar ruwa da gwaji, a ƙara babi guda a kan komawa wurin mai rijiya.

Naka mai biyayya, a durƙushe gwargwadon abin da gwiwa ta yarda,
Malam Ƙasimu
Tudun Kaya, Ƙaraye

Ƙarin bayani: jiya Alhamis na shimfiɗa tabarma ina jiran Rumasa'u tun hantsi har la'asar, ba ta zo ba. Da na ga haka, sai na ja kwanon rufi na rufe rijiyar, na sa kwaɗo. Yau Juma'a. Ita ba ta zo ba, masu ɗibar ruwa su ma sun daina zuwa.